Ɗan aiken AI bai taɓa ganin kod ɗinka ba: yadda ake gane bayanin kayan aiki mai kyau

[Hoto: fuskar waya, saƙonni na wucewa da sauri a guruf]

Jama'a assalamu alaikum. Irin wannan hoton da kuke gani ya zaga guruf-guruf na masu koyon rubuta manhaja a ƴan kwanakin nan. Wani ya haɗa wa ɗan kasuwa ɗan aiken AI a WhatsApp, mai saye ya tambayi farashi kawai, ɗan aiken ya tashi ya rubuta masa oda. Sai gardama ta kaure a ƙasa. Wannan ya ce AI ɗin da aka yi amfani da shi, Claude, shi ne bai iya ba, a koma ChatGPT. Wancan ya ce a'a, Gemini ya fi. Wani kuma ya yanke hukunci, ya ce ai dukansu ba su jin Hausa. Shi ko mai aikin sai rantsuwa yake, wallahi kod ɗina lafiya lau, na gwada shi, yana tafiya.

Na yarda da shi, kod ɗinsa, wato rubutun umarnin da ya haɗa manhajar da shi, yana tafiya. Amma ba nan gizo ke saƙar ba.

[Hoto: zane mai akwati uku da kibiyoyi]

Bari mu ruga a nan, don yawancinku kun san wannan. Ɗan aiken AI shi ne ƙirƙirarriyar basirar da ba ta tsaya ga hira ba, an ba ta damar yin aiki: ta duba lissafin kaya, ta tura saƙo, ta rubuta rasit. Kowane aiki daga cikin waɗannan ƙaramar manhaja ce da mutum ya rubuta, ita ake ce wa kayan aiki. Kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu rubuta manhaja wannan hanya a watan Yunin 2023. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fito da MCP, wato tsari guda na jona kayan aiki da AI, kafin tsakiyar 2025 kuma OpenAI da Google duk sun ce sun karɓe shi. Shi ya sa yau ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, in yana da kwamfuta da ɗan rezo, cikin dare ɗaya zai iya jona abu goma.

To a tsayar da hoton nan. Wannan kibiyar ta tsakiya nake so ku duba.

[Hoto: an ƙara girman kibiyar, rubutu layi uku ya bayyana]

AI ɗin ba ya taɓa kod ɗinka, ba ya ganinsa, ba shi ke tayar da shi ba. Abin da ake miƙa masa rubutu ne zalla: sunan kayan aikin, bayanin da ka rubuta a kansa, da gurabun da za a cike. Iyakarsa ke nan. Ya karanta, ya karanta saƙon mai saye, sai shi ma ya mayar da rubutu: a kira kaza, a sa kaza a wannan gurbi. Manhajarka ce ke ɗaukar wannan rubutun ta aiwatar, ta dawo masa da sakamako.

Ku ɗauka an shigar da baƙo mangaza cike da buhuna ɗinkakku, an hana shi kwance ko ɗaya, an hana shi ɗagawa ya ji nauyi, aka ce ya fito da wake. Abin da aka rubuta da alli ko fenti a jikin buhu shi ne duk iliminsa. In buhu uku duk an rubuta musu "hatsi", ya ɗauko dawa, wa za ka zarga?

Saboda haka in ka ce "na gwada kod ɗina yana tafiya", ka gwada cikin buhu ne. Rubutun jikinsa ba ka gwada ba, kuma a nan ne kusan duk wannan rigimar take.

[Hoto: babbar kasuwar Maraɗi, ƴan dako na sauke buhuna daga mota]

Mu ɗauki misali irin namu. A ce wani alhaji ne mai sayar da aya da wake da riɗi, yana da masu saye nan cikin gari, yana da na Madarumfa da Tsibiri, yana da waɗanda ke tsallakowa daga Jibiya da Katsina ta Ɗan Isa. Ɗan ƙanensa da ya yi karatun kwamfuta ya ce, Baba bari in sa maka abin da zai riƙa amsa saƙonni, kai ka huta. Alhaji ya ce to yaro, Allah ya yi albarka. Yaro ya rubuta kayan aiki uku. Ga su nan a allo, ku karanta da kanku.

[Hoto: allo. duba_kaya: "Yana duba kaya." bayanin_kaya: "Yana ba da bayanin kaya." oda: "Yana kula da oda."]

Shi da ya rubuta ya san na farko yawan buhunan da suka rage yake faɗa, na biyu farashi, na uku kuma yana cire kaya daga lissafi ya ajiye wa mutum. Amma duk wannan a kansa yake. Yanzu saƙo ya shigo: "Alhaji barka da rana, akwai aya? Nawa buhu? Ina son kamar goma in ta yi mini." Kai ɗan Maraɗi ka san wannan mutumin bai sayi komai ba tukuna, taya ma bai yi ba. Ɗan aiken kuwa ya ga "ina son goma", ya ga wani abu da aka ce "yana kula da oda", ba wanda ya gaya masa cewa taɓa wannan yana kulle buhu goma. Sai ya taɓa. Mai saye na gaba ya zo, an ce masa aya ta ƙare, alhali tana nan jibge.

Yanzu ga tambayar da ta sa muka yi wannan bidiyo: ta yaya za ka san bayanin da ka rubuta mai kyau ne ko ba mai kyau ba?

Abin da na ga yawancin mutane na yi, su sake karantawa, su gyaɗa kai, su ce ai a fili yake. Mana zai zama a fili, kai ka rubuta shi! Idonka na karanta kalma uku, ƙwaƙwalwarka na cike sauran talatin ɗin. Wasu kuma su auna da tsawo, wai in ya yi layi goma ya yi kyau. Sai na baya-bayan nan, waɗanda ke liƙa bayanin a ChatGPT su ce ba shi maki cikin goma. Zai ba ka takwas, ya yaba maka, ka tashi kana murmushi. Ba na cewa wannan ba shi da amfani ko kaɗan, yana kama gurbin da ka manta ba ka yi wa bayani ba. Amma makin da AI ya ba rubutu daban, abin da zai aikata in ya karanta rubutun daban. Kyawun bayani a aikin ɗan aiken ake ganinsa: ya zaɓi kayan da ya dace, ya cike gurabe daidai, ya kuma kame hannunsa a inda bai kamata ya taɓa ba.

[Hoto: matasa a fada, ana zuba shayi]

Kafin ma ka kunna kwamfuta akwai gwajin da ba ya cin ko dala. Kwafe sunayen da bayanan a takarda, ban da kod, ka miƙa wa wani a fadarku wanda bai san aikin ba. Karanta masa saƙon mai saye, ka ce wanne za ka ɗauka, me za ka rubuta a gurbi? Sharaɗin ɗaya ne, ka rufe bakinka. Da ka ji kanka kana cewa "a'a, ai abin da nake nufi shi ne...", to wannan jimlar da ka fara faɗa, ita ce ta ɓace a bayanin. Rubuta ta. Kafin a kai shayi na uku za ka cika shafi.

[Hoto: allo ya koma kan gurbin da aka rubuta "kuɗi"]

Nan zan ɗan daɗe, don nan ne namu ya bambanta da na Turawa, kuma ba za ku ji shi a bidiyon Amurka ba. Dubi wannan gurbi. An rubuta "kuɗi", an ce lamba ce. Shi ke nan. Wane kuɗi? Sefa ko naira? A garin da safe ka karɓi wannan, da rana ka karɓi wancan, wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Mu ce ma sefa ce. Mu a kasuwa da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5. In mace ta rubuto "na saya ɗari da hamsin", sefa 750 take nufi, kowane yaron shago ya sani. Ɗan aiken da ba a gaya wa ba zai rubuta 150 a gurbi, kod ɗinka ya karɓa hannu bibbiyu, don 150 lamba ce lafiyayya, ba inda za a ga jan rubutu. Rasit ya fita, ba kuskure a allo, sai da yamma Alhaji ya zauna lissafi ya ga kuɗi sun kasu biyar ya samu kashi ɗaya. Jikka kuma sefa 1000 ce, wato dala 200. Shi ko mutumin Jibiya in ya ce dubu biyar, naira ce a ransa. Mutum biyu, Hausa ɗaya, lissafi biyu.

Haka gurbin "yawa". Buhu ne, tiya ce, ko kilo? Buhun hatsi mai kilo 100 ana lissafa shi tiya 40, to in ɗan aike ya rikita "biyar" na tiya da "biyar" na buhu, kun ga girman ɓarnar. Gurbin lambar waya ma haka: ta Nijar lamba 8 ce bayan +227, ta Najeriya ta fi tsawo kuma +234 ce a gabanta. Da alamar ƙasa za a rubuta ko babu? In ba ka faɗa ba, yau ya sa, gobe ya cire.

Abin da za ka iya ƙulle shi a tsarin gurbin kansa, ƙulle shi a can, kada ka bar wa bayani. Gurbin irin kuɗi ya zama zaɓi biyu tak, sefa ko naira, ba fili a rubuta abin da aka ga dama ba. Sunan gurbin ma ya yi magana: maimakon "kuɗi" ka sa "farashi_da_sefa". Sauran, irin ƙirgan dala, shi ne aikin bayani.

Ga na ukun nan bayan an sake rubuta shi, sauran biyun kuma an sauya musu suna: bayanin_kaya ya koma farashin_kaya, duba_kaya ya koma ragowar_kaya. Zan karanta a hankali.

[Hoto: rubutun na fitowa layi-layi]

"Yana ajiye wa mai saye kaya, yana cire su daga abin da ya rage a mangaza. A kira shi ne kawai bayan mai saye ya amince da farashi kuma ya faɗi yawan da yake so a fili. Kada a kira shi in mutum tambaya kawai yake ko yana ciniki. Don farashi a kira farashin_kaya, don sanin abin da ya rage a kira ragowar_kaya. Yawa da buhu ake rubutawa, ba tiya ba. Farashi da sefa cikakkiya: in mai saye ya ƙirga da dala a ninka sau 5, jikka ɗaya sefa 1000. In ba a tabbatar sefa ce ko naira ba, a tambaye shi kafin a kira. Yana dawo da lambar oda da jimlar kuɗi. Kira biyu oda biyu ce."

Kun ga bai zama littafi ba. Takardun Anthropic na masu rubuta manhaja suna ba da shawarar a yi aƙalla jimla uku ko huɗu ga kowane kayan aiki, a ƙara in yana da sarƙaƙiya, to wannan bai wuce gona da iri ba. A ganina jimlar da ta fi kowace tsada a ciki ita ce mai farawa da "kada". Kowa na rubuta abin da kayansa ke yi, kaɗan ne ke rubuta lokacin da ba a taɓa shi, da wanda za a ɗauka a madadinsa. Sai ta ƙarshen, kira biyu oda biyu. Da rezo irin namu, amsa ta makale, ɗan aiken ya zaci bai shiga ba ya sake kira. In bai san maimaitawa na da illa ba, buhu goma sun zama ashirin.

[Hoto: teburin lissafi a kwamfuta, layuka babu komai]

To yanzu gwajin gaske. A nan ba ni da hotuna masu daɗin kallo, tebur ne kawai, ku yi haƙuri da shi.

Je ka wayar Alhaji, da izininsa, ka kwaso saƙonnin da mutane suka taɓa turowa. Na gaske, da kuskuren rubutunsu, da Faransancin da suke cusawa, da gaisuwa layi huɗu kafin a zo ga magana. Goge sunaye da lambobin mutane tukuna. Kada ka ƙirƙiro saƙonni daga kanka, don kai za ka rubuta su ne da kalmomin da ke cikin bayaninka, ɗan aiken ya ci jarrabawa a banza. Talatin zuwa hamsin sun isa farawa. Gaban kowane saƙo ka rubuta amsar da kake jira tun kafin ka gwada: wane kayan aiki, me zai shiga kowane gurbi. Tun kafin, na ce. In ka bari sai ka ga abin da ya yi, zuciyarka za ta ce ai wannan ma ba laifi.

Cikin saƙonnin nan dole a samu waɗanda amsarsu ita ce kada a kira komai. "Alhaji ya gajiyar biki?" ba ya son kayan aiki. "A aje mini biyar", ba a faɗi biyar ɗin me ba, amsarsa tambaya ce. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Barkli, waɗanda tun 2024 suke da wani ma'auni da ake gwada AI daban-daban a kan iya kiran kayan aiki, sun ware sashe musamman don wannan, a ga ko AI zai gane cewa babu kayan da ya dace ya haƙura. In su sun ga ya isa a ware masa sashe, kai ma ware masa layuka.

Kowane saƙo ka maimaita shi sau da yawa, don AI ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum. Ya ci sau ɗaya ba hujja ba ce. In ya ci huɗu cikin biyar a kan tambayar farashi, wannan abin haƙuri ne. In huɗu cikin biyar ne a kan abin da ke motsa kuɗi, ba ka gama ba, kuma ni dai ko ya ci biyar ɗin sai na sa mutum ya danna amincewa kafin kuɗi su fita.

Sannan kada ka tsaya ga ƙirga nawa ya ci nawa ya faɗi. Buɗe waɗanda ya faɗi ka karanta hirar daga farko. In kullum tsakanin kaya biyu yake rikicewa, bayanansu sun yi kama, ko ma dai kamata ya yi su zama abu ɗaya. In zaɓin daidai ne gurbin ne ke lalacewa, matsalar ma'auni ce ko tsari. In yana kira yana sake kira, duba abin da kod ɗinka ke mayar masa in an yi kuskure, domin shi ma wannan bayani ne. "Kuskure 400" ba ya koya masa komai. "Yawa sai da buhu, ka turo tiya" kuwa, nan take zai gyara.

Gyara abu ɗaya, sake gwada duka. Ɗaya, ba biyar ba, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi magani ba. Kuma ka ɓoye wasu saƙonni gefe, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, kada ka dube su sai ka gama gyare-gyare. In bayanin ya ci waɗanda ka sani ya faɗi a ɓoyayyun, to haddar amsa ka sa shi, bai gane ba.

[Hoto: jerin kayan aiki mai tsawo yana gangarowa]

Saura abu biyu, da gudu. Yawa: duk bayanin da ka jona ana tura wa AI shi tare da kowane saƙo, kana biyan kuɗinsa, kuma yana ƙara masa abin rikicewa. OpenAI da kansu suna ba da shawarar a yi ƙoƙari kada su kai 20 a lokaci guda. Shagon Alhaji ba ya bukatar rabin haka.

Harshe: ana yawan tambayata, da Hausa za a rubuta bayanin ko da Faransanci ko Ingilishi? Waɗannan AI sun fi ƙarfi a Ingilishi da Faransanci, don rubutun da aka horar da su da shi ya fi yawa a can, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ni abin da na fi so, ko da wane harshe ka rubuta, kalmomin kasuwa su shiga yadda ake faɗarsu: tiya, jikka, dala, taya, sallama. Amma ba sai ka ɗauki maganata ba, ga teburinka nan. Rubuta iri biyu, gwada su a saƙonni ɗaya, ka ga wanda ya fi ci. Ranar da ka canza AI, ko kamfanin ya fito da sabo, sake bi ta teburin daga sama har ƙasa, don bayanin da wannan ya gane ba lalle wancan ya gane shi haka ba.

[Hoto: shafin saukar da kayan MCP, an buɗe wani bayani, ɓoyayyen rubutu ya fito da ja]

Wannan na ƙarshe na masu kwaso kayan MCP a intanet su jona ne ba tare da sun duba ba. Tunda AI na ɗaukar bayani da muhimmanci haka, mugu ma ya san da haka. A Afrilun 2025 wani kamfanin tsaron manhaja mai suna Invariant Labs ya nuna yadda ake cusa umarni a cikin bayanin kayan aiki: a sama an rubuta yana haɗa lamba biyu, a ƙasa inda kai ba ka gani a allo an ce wa AI ya karanto wani fayil na sirri ya turo. Kai taƙaitaccen suna kake gani, shi yana karanta duka. Akwai kuma alamomin da MCP ya tanada, da kayan aiki zai ce ni karatu kawai nake, ba na goge komai. Wanda ya rubuta kayan ne ke sa wa kansa alamar, ba wanda ya tantance, tsarin MCP ɗin ma cewa ya yi kada a dogara da su in ba a amince da inda suka fito ba.

Saboda haka kafin ka jona kayan wani da wayar da ke ɗauke da lissafin Alhaji, buɗe cikakken bayanin ka karanta har layin ƙarshe. Duk inda ka ga an ce kada a gaya wa mai amfani, ko ana neman fayil ɗin da ba ruwansa da aikin, cire shi. Ka kuma ajiye kwafin bayanin na ranar da ka amince da shi, don mai shi na iya canza rubutun daga baya ba tare da ya sanar da kai ba. In an sabunta, ɗora sabon kusa da tsohon ka duba layin da ya ƙaru.